Ranar Tattakin Finlay

Lorna Hedley tana kan tsani, igiyar tutoci a bakinta, guduma a hannu, lokacin da mijinta ya sake faɗa mata, karo na uku tun safe, cewa Anti Edna tana nemanta.

"Na ji," ta ce ta cikin haƙora. "Kai dai riƙe tsanin da kyau, Graeme. Iskar nan so take ta yar da ni."

Graeme ya riƙe. Iskar teku tana ta kaɗa ƙananan tutocin, tana ɗage mayafan teburan da aka jera daga wannan kan Layin Alma zuwa wancan. Mata suna ta fitowa da farantan kek da butocin shayi. A bakin mashaya 'yan badujalar tsohuwar mahaƙar kwal suna gwada ƙahonninsu, kowa da inda nasa ya nufa. Kusan duk wanda ka gani sanye yake da riga ruwan ɗorawa mai hoton yaro ɗan shekara takwas, yana dariya da giɓi a bakinsa.

Wannan ne karo na uku da ake yin Tattakin Finlay. Ƙarfe goma sha ɗaya mutanen layin za su tashi a ƙafa, mil tara ta bakin teku, har gidan jinyar yaran da likitoci suka ce ba sauran magani, inda Finlay, ɗan Lorna tilo, ya yi kwanakinsa na ƙarshe. Bana abin da za a tara na ɗakin kwanan iyaye ne, wanda aka ce za a rufe in ba a samu mai ɗaukar nauyinsa ba. Tun watan Janairu zama bai ga Lorna ba. Ta shiga kowane shago na garin, ta yi magana a coci uku da makarantu biyu, ta yi faɗa da mai buga riguna, ta shirya da shi, ta sake yin wani faɗan. Mutane suna cewa ba su taɓa ganin mace mai ƙarfin zuciya irinta ba. Graeme kuwa, da yake kwana gado ɗaya da ita, ya san ƙafafunta ko cikin barci ba sa daina motsi.

Ta sauko daga tsani ta nufi teburin rajista, ba ta ko waiwayi gida mai lamba goma sha huɗu ba.

Bango ɗaya ne tsakanin gidanta da na Edna Tweddle. A layin aka haifi Lorna, a hannun Edna ta yi wayo, shi ya sa har yau da furfura ta fara fito mata ba ta iya kiranta da komai sai Anti. Shekara talatin Edna ta yi tana dafa abinci a makarantar firamaren garin, kuma babu magidancin da ke layin wanda ba ta taɓa ƙwala wa cokali a bayan hannu ba. Yanzu shekarunta tamanin da huɗu, ciwon daji ya cinye ta, an sauko da gadonta falo tun da ta kasa hawa bene. Lorna ce take yi mata cefane, ita take karɓo magani, ita take wanke zannuwan gado. Sai dai duk Graeme take ba ya kai. Shekara uku ke nan ba ta yarda sun zauna ita da Edna su biyu kaɗai a ɗaki ba.

Ta gyara takardun rajista da ba su buƙatar gyara. Ta sa aka matsar da teburin kek, ta sa aka mayar da shi inda yake. Ta je ta duba motar da za ta bi masu tattaki da ruwan sha, ta dawo ta tarar ta manta abin da ya kai ta. Tana cikin wannan kai-kawo ne Bernadette, nas ɗin da ke zuwa duba Edna, ta tare ta a tsakiyar titi da jakarta a kafaɗa.

Bernadette ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce maganar kwanaki ta wuce, yanzu ta awoyi ake yi. Ɗan Edna ya taso daga Ostareliya, amma jirginsa sai gobe da yamma zai sauka. Ita kuma tana da wani majinyaci a ƙauyen gaba, ba za ta dawo ba sai wajen ƙarfe uku, dole a samu mai zama. Lorna ta fara lissafa mata matan layin da ƙafa ba za ta bar su su yi tattakin ba, su maƙwabciyarsu Maureen da sauransu. Bernadette ta girgiza kai. Ta ce duk ta ambata wa tsohuwar su, amma Edna ta ce in ba Lorna ba a bar ta da bangonta.

"Ni zan yi jawabi ƙarfe goma sha ɗaya," in ji Lorna. "Mutum ɗari biyu ni suke jira."

"To," in ji Bernadette. "Ni dai na isar da saƙo." Ta shiga motarta.

Lorna ta tsaya a nan, mutane suna gifta ta suna dafa mata kafaɗa. Abin da ta shekara uku tana gudu ya cim mata.

Ranar da Finlay ya rasu wata Talata ce da hantsi. Kwana tara suna gidan jinyar, ita da Graeme, suna karɓa-karɓa a bakin gadon Finlay. Da safiyar Graeme ya tafi gida ya yi wanka ya sake kaya, Edna kuma ta zo a bas da saƙarta a jaka. Sai numfashin yaron ya sauya. Ya ja, ya tsaya, ya daɗe, har sai ka fitar da rai, sannan ya sake ja. Lorna ta saurara iya abin da za ta iya, sannan ta miƙe ta ce bari ta haɗo musu shayi. Ta wuce kicin ɗin ba ta shiga ba. Ta fita waje, ta kama zagaya filin ajiye motoci, tana zagayawa tana zagayawa, tana ce wa kanta saura zagaye ɗaya ta koma. Da ta koma, Edna tana zaune da hannun yaron cikin nata. Ta ɗago ta dubi Lorna, ta tashi daga kujerar, ta zaunar da ita, ta ɗora mata hannun yaron da bai huce ba. Sai bayan nan ta je ta kira nas.

Haka kowa ya zo ya same su. Jaridar garin ta rubuta cewa yaron ya cika a hannun mahaifiyarsa, limamin coci ya maimaita, Graeme ma ya taɓa ce mata abin da ke sanyaya masa zuciya ke nan. Lorna ba ta gyara wa kowa ba. Edna kuwa ko da wasa ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Ta dubi agogo. Goma da kwata. Ta ce wa Graeme minti biyar za ta yi, ta tura ƙofar gida mai lamba goma sha huɗu.

Falon yana warin magani da man shafawa. Edna tana kwance an tokare ta da matasai, ta ƙanƙance kamar yarinya, wani ɗan inji a gefenta yana ɗiga mata maganin kashe zafi. Idanunta ne kawai ba su sauya ba.

"Ga sarauniya ta iso," ta ce da wata 'yar siririyar murya. "Shigo mana, kin tsaya a bakin ƙofa kamar mai karɓar haraji."

Lorna ta shigo. Ta gyara bargo, ta sauya ruwan kofi, ta tattara wasiƙun da ke kan tebur. Bakinta kuma bai tsaya ba. Ta ba da labarin iska, da mai rigunan da ya buga guda arba'in da kuskuren suna, da ɗan majalisar da ya ce zai zo ya fasa. Edna ta tambaya kek ɗin wa aka sa a teburin da ta saba tsayawa. Da ta ji na Maureen ne sai ta ce to a tanadi zarto, a kuma sanar da likitan haƙori. Lorna ta yi dariya fiye da yadda maganar ta kai, ta juya tana neman wani abin gyarawa.

"Zauna, 'yar nan. Kina sa ni jiri."

Ta ɗosana a bakin kujera. Waya tana ta ruri a aljihunta.

Edna ta daɗe tana tara numfashi. Sannan ta ce ita fa ba don a riƙe mata hannu ta kira ta ba, ta haihu ita kaɗai a ɗakin sama ranar da ƙanƙara ta toshe hanya, mutuwa ma za ta iya. Ajiya ce a wurinta, ta gaji da riƙo. Shekara uku tana jira Lorna ta zo ta tambaya, tana jin takunta ta bango, sama da ƙasa, sama da ƙasa, amma ba ta zo ba.

"In na tafi da shi, ba mai ba ki. Ki tambaya."

Lorna ta dubi ƙofa. A waje wani yana gwada lasifika, yana ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.

"Ya farka?" ta ce.

"Ya farka."

"Ya neme ni?"

"Ya neme ki."

Abin da take tsoro ke nan. Ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Edna ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo, irin yadda take yi wa yara a layin karɓar abinci, Lorna ta koma ta zauna.

A hankali maganar ta fito, ana yi ana hutawa. Edna ta ce bayan fitar Lorna da kaɗan yaron ya buɗe ido, ya juya su cikin ɗakin, ya ce ina Mama. Ita kuma ba ta iya ƙarya ba, ba ta ce masa an tafi haɗa shayi ba. Gadon yana kallon taga, sai ta ɗan ɗaga masa kai da hannunta ta ce ga ta can. Ya ga uwarsa cikin jar rigar sanyinta, kai a sunkuye, tana zagaya motoci. Ya bi ta da ido ta ɓace bayan wata farar mota, ta sake ɓullowa.

"Sai ya ce da ni, 'Anti, ta sake yar da makulli ko?' Na ce da alama. Ya ce, 'Yana aljihun baya. Kullum a can yake.'"

Edna ta rufe ido ta huta. Ta ce bayan nan bai sake magana ba. Ya ci gaba da kallon tagar, ita tana tallafe da kansa, Lorna ta wuce sau biyu ko uku. A na ƙarshen ne ta lura ba ya bin ta da ido kuma.

Lorna ba ta yi kuka nan take ba. Wani abu ne mai kama da fushi ya fara zuwa. Ta ce Anti ta ƙirƙira ne don ta sanyaya mata rai, yaron da ya kwana biyu bai yi magana ba ina ya samu bakin wannan zance.

"Shekara tamanin da huɗu ban yi wa kowa ƙarya don ya ji daɗi ba," in ji Edna. "Ba ranar tafiyata zan fara ba. Ba kya ɗakin, wannan gaskiya ne, ba zan goge miki shi ba. Amma ke yake kallo. Bai ji tsoro ba. Shi a ganinsa uwarsa ce take shirmenta da ta saba."

Nan ne kukan ya zo mata. Ta kifa fuskarta a gefen katifar, kafaɗunta suna rawa, tana toshe baki da bargo kada a ji a titi. Makullin kuwa kullum a aljihun baya yake. Tun Finlay yana ɗan shekara huɗu yake tsayawa a bakin ƙofa da jakar makaranta, yana kallon ta tana birkita gida, sai ta gaji sannan ya faɗa mata. Edna ta ɗora hannunta mara nauyi a kan gashinta ta bar shi a nan, ba ta ce ta yi haƙuri ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Graeme ne, saura minti biyar sha ɗaya, kowa ya hallara, ita ake jira. Lorna ta fita ta same shi a ɗan lungun shigowa, ta ja ƙofar falo. Ya ga fuskarta ya buɗe baki zai yi tambaya, ta riga shi.

"Ba na ɗakin lokacin da ya cika, Graeme. Ina waje. Kasa zama na yi. Anti ce take riƙe da shi."

Ya tsaya yana kallonta. Ta ga maganar tana shigarsa a hankali. Ta jira ya tambaye ta me ya sa ta bar shi shekara uku yana gode wa Allah a kan abin da bai faru ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi takardar jawabin da ta leƙo daga aljihunta.

"Ni fa ina gida ina aske gemu," ya ce.

Ya zare takardar, ya ninke ta biyu. Mutumin da ko a ɗaurin aurensu sai da wansa ya yi godiya a madadinsa, ya ce zai karanta, in ya kakare Maureen ta ƙarasa. Ya ce akwai sauran magana tsakaninsu, amma ba yau ba. Ya fita.

Ta cikin taga suka ji shi. Ya yi tuntuɓe a layi na biyu, ya tsallake sakin layi guda, ya ambaci sunan ɗansa muryarsa ta karye, aka yi tsit, sannan aka tafa. Badujala ta ɗauka. Edna ta ce mai babban ƙahon nan tun yana aji uku ba ya bin kiɗa. Sawun mutum ɗari biyu ya wuce ta ƙofar gidan, da kekunan jarirai da karnuka da ƙarar bokitan tara taimako, ya gangara wajen teku, ya yi nisa, ya ɓace. Layin ya koma shiru, sai iska da tutoci.

Zaman bai zo wa Lorna da sauƙi ba. Gwiwarta tana ta rawa. Ta kashe waya, ta kunna, ta sake kashewa. Edna ta ɗan yi maganar ɗanta, ta ce a faɗa masa kada ya sayar wa Maureen da injin ɗinki komai magiyarta. Ta nemi a jiƙa mata leɓe. Wajen ƙarfe ɗaya ta yi barci.

Ƙarfe biyu saura numfashin ya sauya.

Lorna ta gane shi tun daga jan farko. Ya ja, ya tsaya, ya daɗe. Falon ya yi mata ƙunci kamar an rage masa faɗi. Ta ce a ranta ya kamata a kira Bernadette, wayar kuma ta fi kamawa a waje. Ta ce ya kamata a duba teburan nan kada iska ta kifar da su. Kafin ta ankara ta kai lungun shigowa, hannunta yana kan mariƙin ƙofa, ta ma murɗa shi. Iska mai sanyi ta shigo ta ɗan tsagin.

Daga falo ba ta ji komai ba. Ta ƙirga har goma sha biyu. Sannan numfashin ya sake zuwa, da ƙyar, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

Ta mayar da ƙofar ta rufe. Ta koma ta ja kujerar har jikin gadon, ta kira Bernadette daga nan inda take zaune, ta ajiye wayar a ƙasa. Ta ɗauki hannun Edna. Ba ta san abin da ake faɗa ba, sai ta kama ba ta labarin inda masu tattaki suka kai yanzu: sun wuce hasumiyar jiragen ruwa, sun wuce mai sayar da soyayyen kifi, inda rabin mazan za su maƙale, yanzu suna hawa tudun nan mai yashi, Graeme yana gaba yana ɗingishi don ya ƙi jin magana ya sa sabon takalmi. Ƙafafunta suna ta karkarwa a ƙarƙashin kujera. Ta bar su suka yi ta yi.

Ƙarfe biyu da minti ashirin Edna ta ja numfashi ta sauke. Lorna ta jira na gaba. Ta daɗe tana jira.

Bernadette ta iso ta yi abin da ake yi, ta rubuta lokaci, ta kira waɗanda ake kira. Ta tambayi Lorna ko tana so ta fita ta sha iska. Lorna ta ce a'a, za ta zauna har a zo ɗaukar gawar. Ita ta taje wa Edna gashi, ta cire matasan da suka yi yawa. Sannan ta tashi ta saki labulen tagar da ke kallon titi, kamar yadda ake yi a layin in an yi rashi.

Wajen ƙarfe biyar motocin bas biyu da aka ɗauko haya suka dawo da masu tattaki. Ta ɗan tsagin labule Lorna ta ga suna saukowa, fuskoki sun yi ja, wasu riƙe da takalmansu a hannu, ana ta dariya ana tsokanar juna. Maureen da ta fito tarbarsu ce ta fara lura. Ta tsaya cak a tsakiyar titi tana kallon tagar gida mai lamba goma sha huɗu, sannan ta taɓa hannun ta kusa da ita. Dariyar ta yi ta mutuwa daga gaba zuwa baya.

Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Maureen ta shiga gidanta, jim kaɗan labulenta ya sauka. Na gidan da ke kusa ya bi, sannan na gaba da shi, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layin. Tsohon nan mai babban ƙaho ya ajiye akwatinsa a gefen titi, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Graeme kuma yana tahowa a hankali tsakanin teburan, ba takalmi a ƙafarsa sai safa.